Makin waya zai kawo matashi aji, amma ba shi zai koya masa sana'a ba

Tambaya: Ina shugabantar wata ƙaramar cibiyar koyar da sana'o'i a unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Muna koyar da ɗinki, gyaran waya, haɗa sola da kwamfuta. Damuwarmu ita ce matasa su cika aji a makon farko, kafin wata biyu rabi sun watse. Wani kamfani ya kawo mana manhajar da za ta riƙa zuba wa ɗalibi maki a wayarsa duk ranar da ya zo ko ya gama darasi, daga baya ya canza makin ya karɓi data, katin waya ko kuɗin mota. Masu ba mu tallafi sun nuna sha'awa. Ni kuwa tsorona kada mu koya wa yara kwaɗayi, su riƙa zuwa don maki ba don sana'a ba. Wannan tsari yana aiki kuwa?

Amsa: Malama, yana aiki, sai dai aikinsa bai kai yadda masu tallarsa ke kururutawa ba, kuma babban haɗarinsa ba a wurin da kike tsoro yake ba. Na daɗe ina aikin tsara irin waɗannan shirye-shirye da bin diddiginsu. Na ga wanda ya riƙe ɗalibai har ranar yaye su, na kuma ga wanda ya hargitsa cibiyar da a da take zaune lafiya, alhali manhajar tasu kusan iri ɗaya ce.

Dabarar tsohuwa ce, wayar ce sabuwa. Tun a shekarun 1960 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Teodoro Ayllon da Nathan Azrin, suka gwada ta a wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Illinois ta Amurka. Majinyaci ya yi shara ko ya taya aikin kicin, a ba shi wani ɗan kwabo na musamman, ya tara ya canza da abin da yake so. Muddin ana bayarwa aiki yana tafiya, da suka gwada dakatarwa sai aikin ya zube. Ki riƙe wannan a zuciya, don za mu sake cin karo da shi.

A fagen matasa, misalin da ya yi suna shi ne Zlto, wanda ƙungiyar RLabs ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu ta ƙirƙiro, ya kuma ci gasar tallafin kamfanin Google a ƙasar a 2018. Matashi ya yi aikin sa-kai a unguwarsu ko ya kammala gajeren kwas, ya ɗora shaida, a tantance, a zuba masa maki, ya canza su da kayan masarufi, katin waya ko wutar lantarki. Shirin Yoma da UNICEF da abokan hulɗarta suka ƙaddamar a 2020 shi ma wannan turba ya bi, har yana amfani da makin Zlto ɗin. Amma duka biyun suna yin wani abu na biyu da ba a cika lura da shi ba: duk aikin da aka tantance yana shiga tarihin aikin matashin, ya zama abin da zai nuna wa mai ɗaukar ma'aikata. A wurina wannan na biyun shi ne ginin, makin tsani ne kawai da ake jinginawa a hau.

Kafin ki sa hannu a kan komai, ki ɗauko sunayen waɗanda suka watse a zangon da ya wuce, ki neme su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tura takardar tambayoyi, ki je ki zauna da su. Za ki ji wanda kuɗin mota ya gagare shi, da wanda zuwa aji ke hana shi ɗan aikin yinin da yake kai wani abu gida, da wadda ba ta da mai riƙe mata yaro. Za ki kuma ji abin da ba zai yi miki daɗi ba: mutum uku a kan keken ɗinki ɗaya, malamin da ke zuwa sai ya ga dama, ko darasin da aka yi wata guda ana rubutu a allo ba a taɓa kayan aiki ba. Maki yana maganin rukunin farko. Na biyun kuwa ɓoye shi zai yi, domin aji zai cika, ki ɗauka an warke, alhali an biya mutane ne su zauna su jure abin da ya kore su.

Wannan ne ya sa ban ɗauki tsoron kwaɗayi da nauyin da kika ɗauke shi ba. Matashin unguwa irin taku ba kyauta yake zuwa aji ba, ko da ba kwa karɓar ko sisi. Yana biya da kuɗin mota, yana biya da yininsa. Idan kika mayar masa da wani ɓangare na wannan asara, rage masa nauyi kika yi. Ɗan mai hali ma ai ana ba shi kuɗin mota da na kashewa yana karatu, babu mai cewa an lalata masa niyya.

Duk da haka tsoron naki yana da tushe, kuma an auna shi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu suka yi gwaji da yaran wata makarantar reno a jami'ar Stanford, yaran da dama can suna son zane da alƙaluman launi. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki aka ajiye alƙaluman aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa alkawari sun rage zanen ƙwarai, sauran kuwa sun ci gaba da abinsu. Darasin da na ɗauka ga cibiya irin taku shi ne kada a sa farashi a kan abin da ɗalibi ya riga yake yi don son ransa. Yaron da ke tsayawa bayan an tashi yana kwance tsohuwar waya yana mayarwa, kada ki ce masa kowace awa maki kaza ce. Ki ba shi mabuɗin ɗakin, ki ƙara masa kayan gwaji. In za ki yi masa kyauta, ta zo masa ba zato.

Akwai kuma batun yawan abin da za a bayar. Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun wallafa wani gwaji a 2000 a kan ɗaliban sakandare masu bi gida-gida suna tara gudummawar agaji. Waɗanda aka ce za a ba su kashi 1 cikin 100 na abin da suka tara sun kawo ƙasa da waɗanda ba a yi wa alkawarin komai ba. Ɗan mitsitsin tukuici yana mayar da aikin alheri ya zama aikin ƙwadago mai mugun albashi. Idan makin yini guda bai kai ya kai yaro cibiya ya dawo da shi gida ba, gara ki bar shi, ki sa kuɗin a ƙarin keke.

To, me za a biya? Nan ne mafi yawan cibiyoyi ke tuntuɓe. Masanin tattalin arziki Roland Fryer ya gwada biyan 'yan makaranta a manyan biranen Amurka tsakanin 2007 da 2009. A New York an biya su gwargwadon sakamakon jarrabawa, a Chicago gwargwadon makin darussa, kuma kusan babu abin da ya motsa. A Dallas kuwa an ba 'yan aji biyu dala 2 a kan kowane littafi da suka karanta suka amsa 'yan tambayoyi a kansa, a nan ne aka ga ci gaba a wurin yaran da Turanci ne harshen karatunsu. Bayanin Fryer ya gamsar da ni: yaro yana son kuɗin, amma bai san hanyar da zai bi ƙoƙarinsa ya zama sakamako ba. Littafi kuwa ya san yadda zai buɗe ya karanta. Saboda haka ki ɗora maki a kan matakin da ke hannun ɗalibi a yau: ya zo, ya yanka, ya ɗinka aljihu ya kawo an duba, ya haɗa batir da allon sola ya auna wuta a gaban malami. Idan kika ce sai wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar ƙarshe, mutum uku ko huɗu da dama can za su gama ne kawai za su motsa, sauran tun makon farko sun san ba nasu ba ne.

Haka nan nake kallon jadawalin gwarzaye da kusan kowace manhaja ke zuwa da shi, wanda ke jera sunaye daga na sama zuwa na ƙasa. A wasan waya yana da daɗi. A ajin da ke da yarinyar da ta bar makaranta tun tana aji huɗu, tana zaune kusa da wanda ya gama sakandare, tozarci ne kullum safiya. Ki sa a kashe shi. Kowa ya ga nasa ci gaban shi kaɗai, ko a haɗa su rukuni-rukuni, makin rukuni ya dogara da kowa ya gama, sai ki ga mai sauri ya juyo yana koya wa na kusa da shi.

Yanzu maganar da kamfanin ba zai fara kawo miki ba: maguɗi. A 1902 hukumomin mulkin mallakar Faransa a birnin Hanoi na ƙasar Vietnam suka sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo, don su rage ɓerayen birnin. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa, sai kuma aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo, aka ma gano masu kiwonsu. An ce a kawo wutsiya, an kawo wutsiya.

Ni ma na ga tawa wutsiyar. A wata cibiya da na yi aiki da su an liƙa wata alama a ƙofar aji, irin mai murabba'in nan da ake haskawa da kyamarar waya, duk wanda ya haska an rubuta ya zo. Wata biyu allon kwamfuta yana nuna mana halarta ta kusa cika, masu tallafi suna ta sambarka. Wata safiya na je ba sanarwa, na tsaya daga nesa. Sai ga wani yaro da jakar goyo, ya tsuguna a bakin ƙofa, yana zaro waya, ya haska, ya mayar, ya zaro wata. Na ƙirga shida. Da na leƙa ajin, kekuna goma sha biyu, mutum biyar ne a kai. Da muka zaunar da shi bai ko ɓoye ba, kowane mai waya yana yanka masa wani kaso na makin. Na kasa yin fushi da shi. Mu muka ce za mu biya haska alama, shi kuwa ya buɗe kamfanin haska alama, kuma in za a faɗi gaskiya duk ajin babu wanda ya kai shi kan kasuwanci. Daga baya shi muka ɗora a kan rajistar kayan aiki.

Abin da muka gyara mai sauƙi ne amma yana cin lokaci. Makin zuwa ya koma ɗan kaɗan, mafi yawa ya koma kan aikin da aka taɓa da hannu, malami ya duba ya sa hannu. Sau ɗaya a wata kuma wani mai sana'a daga waje ya zo ya zaɓi aikin mutum biyar ko shida ba tare da an san na wa zai ɗauka ba. Wannan na wajen yana da muhimmanci, domin da zarar sa hannun malami ya zama kuɗi, kin ɗora masa jarrabawar da bai nema ba, kin kuma ba shi iko a kan 'yan mata da samarin da ba su da inda za su kai ƙara. Ki buɗe hanyar koke da ba ta bi ta hannunsa ba. Hoto kaɗai kuwa kada ki yarda da shi, riga ɗaya tana iya yi wa mutum goma hoto.

Sai babban haɗarin da na ambata tun farko. Maki bashi ne. Duk makin da ya shiga wayar ɗalibi alkawari ne cibiyarki ta ɗauka, kuma sunanki ne a kai, ba na kamfanin ba. Ki yi lissafi tun yanzu. A ce kina da ɗalibai 200, makin kowane yini daidai yake da kuɗin motar zuwa da dawowa, ana zuwa kwana 5 a mako har mako 26. Kwana 130 ke nan ga kowa, jimla kuɗin motar yini 26,000. Wa zai biya, kuma kuɗin yana hannu ko sai an turo kashi na gaba? Ki lura da wani abu kuma: gwargwadon nasarar tsarin, gwargwadon tsadarsa. Masu kasafi sukan yi lissafi da halartar da suka saba gani, rabin aji, sai tsarin ya yi aiki kowa ya zo, kuɗi ya ƙare a wata na huɗu. Daga nan a fara dabara, abin da a da maki ɗari ke saya a mayar da shi ɗari biyu, ko a ce manhaja ta samu matsala a dawo mako mai zuwa. Waɗannan matasa an sha yi musu alkawari ana saɓawa, kan mage ya waye, suna gane ƙamshin abin tun daga nesa. Ranar da suka ga makin ya zama hoto, ba manhajar kaɗai za su daina yarda da ita ba, har takardar shaidar da za ki ba su. Ki ware kuɗin fansar makin gaba ɗaya a asusu daban kafin a zuba wa kowa ko ɗaya, ki kuma faɗa musu tun ranar farko yaushe tsarin zai ƙare da yadda zai riƙa raguwa, don kada aikin ya zube irin na asibitin Illinois.

Idan kamfanin ya ce makin nasu kuɗin kirifto ne, wato kuɗin intanet, da darajarsa za ta riƙa hawa, ki yi musu godiya ki raka su ƙofa. A 2021 ɗimbin matasa a ƙasar Filifin sun mayar da wani wasan intanet mai suna Axie Infinity sana'a, suna tara kwabon wasan suna sayarwa. A 2022 darajar kwabon ta faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Kuɗin motar ɗalibi bai kamata ya kwana yana da daraja ya tashi babu ba.

Tambayar da ya dace ki yi wa kanki ita ce: me ya hana a tura wa ɗalibai kuɗin kai tsaye? Sau da yawa hakan ya fi sauƙi ya fi arha, ba kuɗin hayar manhaja. Zargin cewa talaka zai kashe a shaye-shaye kuwa, David Evans da Anna Popova sun tattara binciken ƙasashe da dama a kan tallafin tsabar kuɗi, suka samu bai ƙara sayen giya da taba ba. Maki yana da ranarsa idan ɗalibanki ƙanana ne da ba su da katin shaidar buɗe asusu, ko ƙa'idar masu tallafi ta hana ba da kuɗi a hannu, ko kina son a canza shi da abin da cibiya ke da shi, kamar awoyin amfani da keke bayan an tashi. Inda na fi ganin amfaninsa shi ne tari don kayan aiki. Ɗalibi ya zaɓa da kansa, ya ci rabi a kuɗin mota ya bar rabi, cibiya ta ƙara masa wani abu a kan abin da ya bari, ranar yaye ya fita da almakashi da tef da dutsen guga, ko na'urar auna wuta da abin narka dalma. Amma zaɓin ya zama nasa. Wanda yau ba shi da na mota, wa'azin tari ba zai kawo shi aji ba.

Wayar kanta ma shinge ce. Tsarin da ke buƙatar babbar waya da data da caji ya riga ya tace mafi talauci tun a ƙofa, mata kuma su ne suka fi rashin wayar kansu. Na tuna wata ɗaliba da ba ta taɓa fashi ba, ɗinkinta ya fi na kowa tsabta. Ranar da ta zo canza makinta muka buɗe asusun, wayam. Da layin yayanta aka yi mata rajista, shi kuwa duk sanda saƙo ya shigo sai ya mayar da makin data. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tuntuni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai wayarsa ce." Tun daga ranar ban sake yarda a ɗaure asusu da layin waya ba. A ɗaure shi da mutum, da lambar sirri tasa, a ba shi ɗan kati, ya iya duba makinsa a kwamfutar cibiya ko da ƙaramar waya ta hanyar danna lambobi, a kuma bar ƙofar canzawa a cikin cibiya ido da ido.

Ki kuma duba abin da manhajar ke tarawa. Suna, hoto, shekaru, inda yaro yake a kowace safiya, wa ke riƙe da su, wa za a sayar wa? A watan Agusta na 2023 gwamnatin Kenya ta dakatar da shirin Worldcoin bayan mutane sun yi dogayen layuka a Nairobi ana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu a ba su kwabon kirifto. Mai buƙata ba ya karanta sharuɗɗa, danna "na yarda" yake yi. Ke ce za ki karanta a madadinsu. Duk bayanin da ba a buƙatarsa don zuba maki, kada a karɓa, ƙananan yara kuma sai da amincewar iyaye.

Mu koma kan ginin da na ambata, wato shaidar aikin da matashi zai nuna wa mai ɗaukar ma'aikata. A Addis Ababa ta ƙasar Habasha an raba matasa masu neman aiki ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su tallafin kuɗin mota zuwa tsakiyar birni inda ake liƙa guraben aiki, wasu aka yi musu bitar rubuta takardar neman aiki, aka gwada ƙwarewarsu aka ba su shaida. Da farko dukansu sun amfana. Bayan shekara huɗu tasirin kuɗin motar ya ɓace, masu shaidar kuwa abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu, tare da ƙungiyar Harambee mai taimaka wa matasa samun aiki, an gwada ƙwarewar matasa kusan 7,000. Waɗanda aka ba su takardar sakamako mai ɗauke da sunansu da tambarin da masu ɗaukar aiki suka sani sun fi samun aiki da kimanin mutum 5 a cikin kowane 100, abin da suke samu kuma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. A Uganda ma an kwatanta waɗanda suka yi wata shida a makarantar koyon sana'a da waɗanda aka tura wurin masu sana'a kai tsaye. Dukansu sun koya, amma ribar 'yan makarantar ce ta ɗore, saboda suna da shaidar da za su ɗauka su tafi da ita wani wurin. Matashin unguwar talakawa sau da yawa ya iya, abin da ya rasa shi ne wanda zai tsaya masa a gaban baƙo ya ce ya iya.

A nan tsarin na waya yake da abin da littafin rajista ba shi da shi. Tunda kowane maki yana biyo bayan aikin da aka duba, bayan wata shida kina da jerin abin da ɗalibi ya yi da hannunsa, da kwanan wata, da sunan wanda ya duba. Akwai ma ƙa'idar da aka riga aka shimfiɗa don wannan, wato Open Badges, da gidauniyar Mozilla ta fara a 2011, yanzu kuma ƙungiyar 1EdTech ke kula da ita. Bajo ne na intanet da ke ɗauke da sunan wanda ya bayar, sharuɗɗan samunsa da shaidar aikin, kuma ana iya tafiya da shi daga manhaja zuwa manhaja. Sai dai bajo ba ya da daraja sai mai shago ya yarda da shi. Ki gayyaci masu ɗaukar aikin yankinku tun kafin a fara, su faɗi abin da suke so yaro ya iya, su ne ma za su zama masu duba aikin nan na wata-wata. Ki kuma buga shaidar a takarda, don mai garejin da zai ɗauki yaro ba lallai ya buɗe wani shafi ba.

Kada kuma masu tallafi su ɗora miki burin da ba na gaskiya ba. David McKenzie na Bankin Duniya ya duba gwaje-gwajen koyar da sana'a a ƙasashe masu tasowa a 2017, ya samu a matsakaici cikin kowane mutum 100 da aka horar kimanin 2 ne suka samu aikin da ba don horon ba da ba su samu ba, alhali horar da mutum ɗaya yakan ci dala 1,000 zuwa 2,000. Maki ba ya ƙirƙiro gurbin aiki. Shi ya sa wasu shirye-shiryen suka karkatar da tukuicin zuwa ga masu horarwa. Asusun samar da aikin yi da ƙungiyar agaji ta Helvetas ta gudanar a ƙasar Nepal yana riƙe kaso mai tsoka na kuɗin cibiya sai an tabbatar ɗalibanta suna aiki suna samun kuɗi watanni bayan yaye su, yana kuma ƙara farashi a kan mata da mafi rauni don kada cibiyoyi su tsinci masu sauƙin samun aiki su bar sauran. Idan za a saka wa ɗalibi don ya zo, ina ganin ya dace a ware wani abu ga malamin da ɗalibansa suka kama aiki.

Da ni ce ke, ba zan shimfiɗa tsarin a duk cibiyar lokaci ɗaya ba. Zan gwada shi zango guda a rabin azuzuwa, in zaɓe su da ƙuri'a a gaban kowa don kada a ce an yi son kai, in yi wa sauran alkawarin nasu a zango na gaba. Zan ma fara da kati da hatimi da ɗan jadawali a kwamfuta, in ga ko dabarar kanta ta karɓu kafin in biya hayar manhaja. Abin aunawa uku ne: nawa suka gama, yaya aikin hannunsu yake a idon mai duba na waje da bai san wane aji ne ke da maki ba, sannan bayan wata shida da yaye su nawa ne ke cin abinci da sana'ar. Yawan makin da aka raba da yawan waɗanda suka sauke manhaja, waɗannan lissafin kamfani ne, kada su shiga rahotonki a matsayin nasara.

In kun sake zama da mutanen kamfanin, ki tambaye su abu ɗaya kafin maganar farashi: ranar da kwangila ta ƙare, ko kamfanin ya rufe, tarihin aikin ɗalibai yana hannun wa, kuma a wace siga za a miƙo miki shi? Ki sa su rubuta amsar a cikin yarjejeniyar, da adadin kwanakin da za su miƙa.